Akwatin kwalliyar kek mai kaya 86, da abin da ya yi min ranar walimar ƙanwata

Ni dai ba mai sana'ar kek ba ce. Iyakacina kek ɗin gwangwani na sallah da na 'yan makaranta, wanda ake juyewa a tire a ci da lemo, babu ruwansa da kwalliya. A haka nake har ƙawayen ƙanwata suka tashi yi mata abin da suke kira bebi shawa, 'yar liyafar nan da ake haɗa wa mai ciki kafin ta sauka, a kawo mata kayan jariri, a ci a sha. Al'adar Amurkawa ce, ta biyo Instagram ta iso mana Kano. Da labari ya kai kunnen Hajiyarmu sai da ta ajiye carbi ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. "Cikin fari? Yarinyar da ya kamata a ce tana ɓoye shi a hijabi? Ku ba ku san ba a cinikin biri a sama ba? Ku bari ta sauka lafiya, ranar suna ku yi duk bidi'ar da za ku yi." Aka yi ta ba ta baki, aka ce walima ce ta mata zalla, mutum goma sha biyar, da addu'a za a buɗe da addu'a za a rufe. Ta ce to, amma ban da ita. Wajen rabon aiki ne bakina ya ja min, na ce a bar min kek.

Saura kwana takwas na shiga kasuwar Sabon Gari da hoto a waya: kek mai launin sararin sama, da furanni farare a gefe ɗaya kamar gajimare. Shagon da na faɗa ɗan tsukuku ne, mutum biyu in sun shiga na uku sai ya jira a waje, kuma ba a rubuta farashi a jikin komai ba, sai an dubi fuskarki tukuna. Amma ba zan ci haƙƙin mai shagon ba, ta san kayanta. Ta sauko min da wani kwali da aka rubuta 86 ɓaro-ɓaro a jikinsa, ta buɗe a gabana, ta fiddo komai muka gani, har da nozul, 'yan bakunan ƙarfen da ake sa wa leda a matso aisin, wato kirim ɗin kwalliyar kek, ya fito da zane. Da na nuna mata hoton sai ta girgiza kai, ta ce, "Anti, waɗannan ƙananan nozul ɗin na ciki ba za su fitar miki da wannan furen ba. Ki ƙara babban nan, 1M." Na ce a raina, ga ta nan, so take ta ƙara ciniki. Na biya kuɗin kwalin, wanda bai kai kuɗin odar kek ɗaya mai kyau ba, na haɗa da kala biyu da aisin shuga, na yi gaba. Ta bi ni da cewa in an fita da kaya ba a dawowa da su.

A gida na zazzage kwalin a kan tabarma na ƙirga. Gaskiya ne, 86 ne cif. Sai dai 50 daga ciki ledojin matsa aisin ne, na amfani sau ɗaya a yar, 24 kuma ƙananan nozul. Ka ga saura goma sha biyu ke nan, kuma a cikinsu har da wani ɗan burushi da bai kai ɗan yatsa ba, shi ma an sa shi a lissafi. Wannan dabarar 'yan kasuwa ce, ban ji haushi ba, dariya ma na yi.

Abin da ya fi komai yi min rana shi ne faifan nan mai juyawa da ake ɗora kek a kai. Na roba ne, faɗinsa wajen inci 11, kek ɗin inci 8 ya zauna a kansa daram. Kafin in same shi ban taɓa gane yadda ake samun gefen kek ya yi sumul ba. Ashe ba hannu ake yawo da shi ba, tsayar da sikirefa, 'yar faffaɗar robar da ake share aisin da ita, ake yi a wuri ɗaya, a tsaye cak, ɗaya hannun yana juya faifan, kek ɗin ne yake zuwa ya shafi robar ya wuce. Ranar da na gane wannan sai da na kira maigidan ya zo ya gani, shi kuwa ya ce madalla ya koma kan ƙwallonsa. Aibin faifan biyu ne. Ba shi da nauyi, yana zamewa a kan tebur, sai na jiƙa tsumma na shimfiɗa masa a ƙasa. Sannan ba ya juyawa salin-alin, akwai wani wuri da yake ɗan cijewa, kuma duk inda ya cije sai sikirefa ta bar layi a jikin aisin. Na ga na alminiyam a shagon, in ka taɓa shi da yatsa ɗaya sai ya yi ta juyi shi kaɗai, amma kuɗinsa ya fi na kwalin nan gaba ɗaya. Ga mai yin kek sau huɗu a shekara irina, na robar ya isa.

Wuƙar shafa aisin mai lanƙwasa ita ma ta biya kuɗinta. Lanƙwasar ce take ɗaga yatsunki sama, ba sa dangwalar saman kek ɗin. Miƙaƙƙiyar 'yar uwarta kuwa tuni ta koma shafa bota a burodi. Sikirefa guda uku ne, biyu masu haƙora, ɗaya mai santsi, mai santsin ma ta zo da ɗan kaushi a baki, sai da na goge shi da sandfefa mai laushi.

Akwai kuma wata waya da aka ɗaure a jikin ƙarfe kamar baka, ta yanke tozon da kek yake yi a tsakiya. Ranar Talata da na yi kek ɗin gwaji na sa mata shi da ɗuminsa, ta yage shi kaca-kaca. Laifina ne. Da kek ya kwana ya huce, sai ta ratsa shi kamar zare a sabulu.

Inda kwalin ya ba ni kunya shi ne ledojin da nozul ɗin. Ledojin shara-shara ne. Na cika ta farko, na murɗe wuyanta, ina matsawa sai ji na yi fus, ta fashe ta wajen ɗinki, aisin ya fito ta gefe ya kwanta a bayan hannuna. Ta biyu ma haka. Sai da na riƙa haɗa biyu-biyu, ɗaya cikin ɗaya, wato hamsin ɗin nan sun koma ashirin da biyar. Araha ba ta ado. Nozul ɗin kuma an haɗo su da wata takarda mai hotunan irin zanen da kowanne yake fitarwa, amma lambobin takardar da na jikin ƙarfen ba su san juna ba. Na ɓata yammaci guda ina gwada su a bayan faranti. Duk ƙanana ne, furen da suke yi bai fi ƙwayar gurjiya ba, kafin ki rufe gefen kek da su an kira magariba. Uku daga ciki na wanke na bar su da laima, washegari tsatsa ta fito a layin da aka haɗe ƙarfen. Ranar Alhamis na koma shagon kaina a ƙasa. Mai shagon ba ta ce komai ba, murmushi kawai ta yi ta miƙo min 1M. Shi wannan babba ne, bakinsa tauraro ne a buɗe, ki fara matsawa daga tsakiya ki zagayo waje sau ɗaya, fure ya fito kamar wardi. Ba ya shiga 'yar robar ɗaura nozul da ta zo a kwalin, ya fi ƙarfinta, don haka yanke bakin leda kawai ake yi a jefa shi ciki.

Wani abu kuma da babu kwalin da zai gaya miki shi ne maganar kala. Aisin ɗina na kowa da kowa ne: bota giram 250, aisin shuga giram 500 a tankaɗe, ɗan gishiri, ɗan filebo, cokali ɗaya ko biyu na madara. To botar da muke saya a nan, ta leda, majarin ce, kuma rawaya ce shar. Na ɗiga mata shuɗi. Duk ɗan firamare ya san rawaya da shuɗi kore suke haifarwa, ni ce dai na manta. Na ƙara shuɗi don in gyara, garin neman gira na rasa ido, abu ya koma kalar miyar kuka sak. 'Yata ta leƙo kwanon ta ce, "Mama, tuwo za a yi?" Giram 750 na aisin ya tafi a haka, sai yara ne suka yi ta shafa shi a biskit har kwana uku.

A karo na biyu na bugi botar ita kaɗai da miksa, kafin sukari ya shiga, wajen minti bakwai, har ta yi haske ta tashi kamar auduga. Sannan na tsoma tsinken sakace a kala shanshanbale, na ɗan taɓa ta sau ɗaya tak. Wannan ɗigon shi yake kashe rawayar. Sai bayan nan shuɗi ya shiga, shi ma da bakin tsinke. Ki sayi kala mai kauri irin ta jel, ta ruwan tana tsinka aisin, kuma ki tsaya tun launin bai kai yadda kike so ba, don yana ƙara turuwa in ya zauna.

Daren Juma'a na gasa kek biyu a gwangwanin inci 8, na naɗe su a leda suka kwana. Da asubar Asabar, ina idar da salla na hau aiki, domin a watan Afrilu muke. Bota ta ainihi tana narkewa tun zafi bai kai digiri 35 ba, mu kuwa a wannan watan Kano takan taɓa 40. Majarin ta ɗan fi ta juriya, amma ita ma ba dutse ba ce. Na haɗa kek ɗin biyu da aisin a tsakani, na yi masa shafen farko siriri, wanda yake kama ɓurɓushi don kada su fito a shafe na biyu. Ka'ida a sa shi a firij minti 20 zuwa 30 ya daskare. Ina rufe firij aka ɗauke wuta. Na aiki yaro ya sayo ƙanƙara ta leda, na jera a babbar kula, na ɗora tire, na ajiye kek ɗin a kai na rufe. Ya yi. Ledar aisin ma sai na raba biyu, ɗaya a hannu ɗaya a kula, ina canzawa, saboda ɗumin tafin hannu kaɗai ya isa ya sa fure ya langaɓe. Kada ki cika leda fiye da rabi, wannan ma da fashewa na koye shi.

Na so in yi 'yan takalman jariri da fondan, wato kwaɓin sukarin da ake murzawa a ƙera siffa da shi, in ɗora a sama. Iska a bushe take, kafin in gama murzawa ya fara tsattsagewa, abin da na ƙera kuma ya fi kama da ɗanwake. Na haƙura. Na ɗauko safar jariri sabuwa, fara, na ɗaura mata ribon, na ajiye a kan allon kek ɗin daga gefe.

Saura rubutu, ni kuwa hannuna rawa yake yi. Sai ga 'yar maƙwabciyata mai zanen lalle ta shigo aron tsintsiya. Na ce, "Zo nan 'yar albarka, za ki iya rubutu da wannan?" Ta karɓi ledar ta jujjuya ta, ta zare nozul ɗin ta ajiye, ta ɗauki sabuwar leda ta ƙulle ta yadda take ƙulla ta lalle, ta ɗan tsinke bakin da almakashi. Cikin minti biyu ta rubuta Allah Ya Raba Lafiya, ta bi gefe da ɗige-ɗige da 'yan ganye irin na dayis ɗin amare. Ban taɓa kawowa a raina hannu ɗaya ne ba. Duk wadda ta iya zanen fulawa a ƙafar amarya ta ci rabin wannan aikin, ba ta ma sani ba.

Daga Gwammaja zuwa Hotoro a adaidaita sahu, kwali a cinya, ƙarfe uku na rana, duk ramin da muka faɗa sai na yi salati. Mai adaidaitan har ya waiwayo ya ce, "Hajiya, mara lafiya ne?" Mun isa fure biyu sun zame ƙasa, gefe ɗaya ya fara ƙyalli alamar narkewa. Na juya wajen ya kalli bango. Aka yi hotuna, aka yanka, ƙanwata ta karanta rubutun ta yi ƙwalla, ɗaya daga cikin ƙawayen har tana tambayar a ina aka yi oda. Kwalin da aka sa kek ɗin da allon da ya zauna a kai duk daban na saya, ba sa cikin 86 ɗin, ki sa su a lissafinki.

Da zan koma baya ba zan ɗauki kwalin ba. Ɗai-ɗai zan tsinta: faifai mai juyawa, wuƙa mai lanƙwasa, sikirefa ta ƙarfe wadda ake tsomawa a ruwan zafi ta ƙara wa aisin santsi, 1M, da ledoji masu kauri. Amma wadda aka ba shi kyauta, ko ta same shi da sauƙi, kada ta raina, faifan da wuƙar sun isa a fara da su.

An kai wa Hajiya yanka ɗaya a faranti. Ta ce sukari ya yi yawa, ta cinye. Bayan sati biyar ƙanwata ta sauka, mace, kuma Hajiyar ce da kanta ta kira ni ta ce na suna a yi shi hawa biyu, kada ya zama ruwan sararin sama tunda an ga abin da aka samu. Ƙananan nozul guda 21 suna nan a gwangwanin madara a saman firij, wadda take so ta aiko a ba ta.