Shekara biyu da agogon kuku na Baƙin Daji a bangon falona

Duk ranar Juma'a idan na dawo daga sallar asuba, sai na tsaya gaban bangon falo na ja sarƙoƙi biyu har ƙarafan da ke rataye a jikinsu su koma sama. Iyakar abincin agogona na kuku ke nan na mako guda, wato irin agogon da ɗan tsuntsun katako ke leƙowa daga cikinsa duk awa yana kukan ku-ku. Ba ya cin batir, kuma ba ruwansa da ɗauke wuta. Yanzu ya ga hunturu biyu da damina biyu a gidana a Kano, don haka zan iya ba masu tambayata amsa kan ko ya ci kuɗinsa.

A Triberg na saye shi, wani ƙaramin gari a tsakiyar yankin da Jamusawa ke kira Schwarzwald, wato Baƙin Daji, a jihar Baden-Württemberg da ke kudu maso yammacin Jamus. Tsaunuka ne da kwaruruka lulluɓe da dogayen itatuwa masu ganye kamar allura, sun yi cunkus har in ka hango su daga nesa sai ka ga duhu. Tsawon yankin ya kai kilomita 160, tsauninsa mafi tsayi kuwa, Feldberg, mita 1,493 ne. Jirgin ƙasa na hau daga Offenburg, a kan layin da aka kammala a 1873, mai ratsa ramuka 39 da aka huda a cikin dutse. Ta tagar jirgin nan na fara gane dalilin da ya sa agogo ya fito daga wannan daji: gonaki a kan gangare, shanu na kiwo a inda garma ba za ta shiga ba, ga manyan gidajen katako da rufinsu ya sauko kusan ƙasa saboda dusar ƙanƙara.

Ƙasar tudu ce mai ƙarancin albarkar noma, kuma sanyi na kulle mutane a ɗaka watanni. A al'adar yawancin kwarurukan ba a raba gona. Ɗa guda ke gadonta, sau da yawa autan maza, sauran kuwa kowa ya nemi abin yi. Abin da Allah ya hore musu itace ne. Wasu suka shiga ƙona gawayi, wasu narka gilashi, wasu kuma su ɗaure gumagumai su biyo kogin Kinzig zuwa Rhine har Holan, inda ake ƙera jiragen ruwa da su. Tun ƙarshen ƙarni na 17 wasu suka fara sassaƙa agogo da katako, har haƙoran cikinsa. Masu talla su goya su a baya su bi ƙasashe a ƙafa, kamar dai yadda 'yan kolinmu ke bin kasuwannin ƙauye.

Nawa irin mai siffar ɗan gida ne da ganyayen sassaƙa kewaye da shi. Asalin siffar daga 1850 ne, lokacin da Robert Gerwig, shugaban makarantar koyon ƙera agogo ta Furtwangen, ya nemi masu zane su kawo sabon fasali, sai Friedrich Eisenlohr ya kwaikwayo ɗakin mai gadin layin dogo. Gerwig ɗin nan shi ne kuma injiniyan da ya tsara layin da ya kai ni Triberg.

Dattijon da ke shagon bai bar ni na biya ba sai da ya buɗe bayan agogon ya nuna mini cikinsa. Wasu 'yan zugazugai ne guda biyu, kowanne bai fi ɗan yatsa biyu faɗi ba, zaune a kan bututun katako. Idan awa ta cika, waya ta ɗaga na farko ta sake shi, ta ɗaga na biyu ta sake shi, iska ta fita da murya biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa: ku-ku. Daidai lokacin ƙofa ta buɗe, tsuntsun ya leƙo yana sunkuyar da kai. Na daɗe ina kallo, domin aikin zugazugin maƙeri ne aka ƙanƙantar aka mai da shi murya. Dattijon ne ya ba ni shawarar in ɗauki mai kwana takwas maimakon wanda ake ja kullum, kuma na gode masa har yau. Ya fi tsada sosai, ƙarafansa sun fi nauyi, amma mai tafiye-tafiye ba zai dawo ya tarar da shi a tsaye ba.

To, ga inda na sha wuya. An yi agogon ne don ƙasa mai laima, shi kuwa hunturunmu ba ya raga wa katako. A shekarar farko wani ganyen sassaƙa na gefen hagu ya tsage siriri kamar gashi. A ta biyu ƙura ta shiga ta ramukan sarƙa ta haɗu da man da ke jikin haƙoran, sai muryar tsuntsun ta dushe, bayan kwana uku lilon da ke kai da komo a ƙarƙashin agogon ya tsaya cak. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na kai shi wajen wani tsohon mai gyaran agogo, ya juya shi a hankali ya ce, "Alhaji, wannan ba lalacewa ya yi ba, wanka yake so." Ya wanke injin, ya ɗiga mai da bakin allura, ya ce in ɗauke shi daga bangon da ke fuskantar taga. Tun da na mayar da shi bangon ciki bai sake tsayawa ba.

Sai ka nema masa ƙusa mai ƙarfi a wuri mai tsayi, kusan mita biyu daga ƙasa, don ƙarafan su sami sararin sauka, kuma ya zauna daidai. In ya karkata ko kaɗan za ka ji bugunsa na ɗingishi. Wajen kiyaye lokaci bai kai waya ba. Akwai ɗan ganye a jikin lilon: ka tura shi sama agogon ya ƙara sauri, ka sauko da shi ya rage. Na yi kusan wata ina gwadawa kafin na samu daidai, kuma har yanzu nakan gyara 'yan mintoci ranar jan sarƙa. Ban dogara da shi ba wajen sahur. Akwai kuma wani ɗan ƙarfe a gefe da ake ja a yi masa shiru da dare, wanda maƙwabcin ɗaki zai yi maka godiya a kansa.

Abu guda nake roƙon mai niyyar saye ya kula da shi. Sana'ar agogo a yankin ta taɓa kai matuƙa. Kamfanin Junghans na Schramberg, da aka kafa a 1861, shi ne mafi girman masana'antar agogo a duniya a farkon ƙarni na 20. Da agogon batir mai araha ya cika kasuwa daga shekarun 1970, masana'antu da yawa suka rufe, garuruwan suka ƙara dogara da ƙananan masana'antun injuna da baƙi masu zuwa kallon magangarar ruwan Triberg mai tsawon mita 163. Shi ya sa shaguna suka cika da masu batir da ke fitar da kukan da aka naɗa, sarƙoƙinsu ado ne kawai. Na ainihi yakan zo da takardar shaida ta ƙungiyar masu ƙera agogon yankin, mai tambarin VdS. Ka nemi a buɗe maka bayansa ka ga zugazugan da idonka.

Da zan koma, irinsa zan ƙara saya, sai dai mai ƙarancin sassaƙa, don ƙura ta rasa wurin maƙalewa. Hajiyarmu, da idonta ya yi rauni ba ta iya karanta lambobin waya, ta ce in sake samun hanya in kawo mata nata, domin duk ranar da ta zo gidan da kunne take ƙirga awa daga kan tabarmarta.