Kafin ka canja giyar akwatin raba ƙarfi

Duk wanda ya taɓa hawa duwatsu da mota mai ja da ƙafa huɗu, ƙafarsa na kan kuloci har ƙauri ya fara tashi, ya san matsalar. Wurin na son tafiyar hawainiya, motar kuwa sai zabura take yi. Maganin yana cikin akwatin raba ƙarfi, wato transfa kes, wanda ke bayan giyabos yana aika juyi ga tayoyin gaba da na baya.

Fara da lissafi tukuna. Ninka adadin giya ta ɗaya da na giyar ƙarfi ta akwatin (wato giyar tafiya a hankali), sannan da na aksul, inda juyi ke rabuwa zuwa tayoyi. Jeep Wrangler mai giyabos AX15 da akwatin NP231: 3.83 sau 2.72 sau 4.10, kusan 43. Wato sai injin ya juya sau 43 kafin taya ta juya sau ɗaya. Da akwatin mai 4:1, irin wanda Rubicon ta zo da shi tun 2003, lissafin ya kai kusan 63, mota ta rarrafa da kanta ba ka taɓa totur ba.

Hanya mafi sauƙin kuɗi ita ce canja haƙoran cikin akwatin da kake da shi. Tsofaffin Toyota masu giyar ƙarfi 2.28 suna karɓar haƙoran kamfanin Marlin Crawler masu 4.70, bakanike zai ɗan goge cikin akwatin don su samu wuri, amma farfela ba ta canjawa, tafiyar kwalta ma na nan yadda take. Sai dai ka rasa 2.28 ɗin, kuma wannan ba ƙaramin rashi ba ne. A rairayi da laka, taya na bukatar juyi da sauri, 4.70 kuwa sai injin ya yi ta kururuwa mota na nutsewa. Mai Suzuki Samurai ya kula: yawancin haƙoran da ake sayar masa suna rage giyar gudu ma, wato ta tafiyar kwalta.

Ni dai, ga wanda ke bin wurare iri-iri, na fi son akwati biyu a jere. Ka haɗa 2.28 da 4.70, ka samu ukun duka: 2.28 don rairayi, 4.70 don hawa, kusan 10.7 don dutsen da sai ka fito ka duba kafin ka taka. Aikin ne da yawa. Za a tsawaita farfelar gaba, a rage ta baya, a huda ƙasan mota don sandar giya ta biyu. A gajeriyar mota, farfelar baya na iya karkacewa har ta riƙa karkarwa.

Akwai kuma sabon akwati ɗungurungum, kamar Atlas na kamfanin Advance Adapters, mai haƙora maimakon sarƙa, da sanduna biyu har ka iya jan gaba kaɗai. Ƙarfi gare shi, tsada ma haka.

Idan kuwa kukanka shi ne mota ta yi nauyi a kwalta bayan ka sa manyan tayoyi, giyar aksul za ka canja, gaba da baya tare. Kuma kowanne ka zaɓa, ƙarfin da ka ninka a kan sandunan aksul zai sauka, don haka a ƙarfafa su kafin fita ta farko.