Shagon kayan kyandir a kasuwar Gumi da ya raba ni da kyandir mai haƙa rijiya

Salam 'yan uwa. Tun watan jiya nake son in yi magana a kan wani shago da na samu a babbar kasuwar Kaduna, wato kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, inda ake sayar da kayan haɗa kyandir, don na san akwai mata da yawa irina da suka fara wannan sana'a a gida suna ta asarar kaki ba su san ta ina matsalar take ɓullowa ba. Ba zan kama sunan shagon ba saboda ban nemi izinin mai shi ba, amma yana wajen masu sayar da sinadaran haɗa sabulu da man shafawa, in kin tambayi Anti mai kayan kyandir za a nuna miki.

Abin da ya kai ni shi ne wannan. Ina yin manyan kyandir ɗin nan masu kauri da ke tsayuwa da kansu ba a cikin kofi ba, waɗanda masu kwalliyar biki ke ce wa fila. Bikin 'yar ƙanwar babanmu ya taso na ce ni zan yi na teburan dina, na zuba guda goma sha biyu masu faɗin inci 3, wallahi a ido sun yi kyau sosai, fari tas. Ranar da aka kunna su kuwa ko awa biyu ba a yi ba wutar ta nutse cikin rami, tsakiyar ta yi ƙasa kamar rijiya gefen kuma yana tsaye ƙyam ko ɗumi bai yi ba, wasu ma narkakken kakin ya shanye lagwanin suka mutu da kansu. Ban ji daɗi ba ko kaɗan don na yi kwana huɗu a kansu. Kayan kuma a intanet na saye su wajen wata mai talla, lagwani iri ɗaya tak ta sako min, siriri, ta ce yana yin kowane irin kyandir.

Sai na ɗauki ɗaya daga cikin waɗanda suka lalace na sa a leda na hau keke daga Tudun Wada na nufi kasuwa, niyyata kawai in canza kaki don ni a tunanina kakin ne ba shi da kyau. Na yi sallama muka gaisa na ce Anti kaki nake nema mai kyau. Ta ce ƙanwata me kike zubawa, na kofi ko mai tsayuwa? Na fito mata da shi. Ta juya shi a hannu ta leƙa ramin, ta ɗauko tef ɗin awo irin na tela ta auna faɗinsa, sannan ta ce kakinki ba shi da laifi sosai, lagwaninki ne ya yi wa wannan faɗin kaɗan, wannan na siririn kyandir ne irin wanda ake kunnawa in an ɗauke wuta. A nan na san na zo wajen da ya dace, don wani mai shagon da ya auna min kaki kilo biyar ya karɓi kuɗinsa in koma gida in sake yin irin ta jiya.

Bayanin da ta yi min a tsaye a bakin shago, ana ta ture mu da kura, shi ne abin da ya fi duk kayan da na saya daraja. Ta ce wutar kyandir ba zaren take ci ba, kakin da ya narke ne zaren yake tsotsowa sama ya ƙone, to girman lagwani shi ke yanke girman wuta, girman wuta kuma shi ke yanke iya faɗin da zai narke. In ya yi ƙanƙanta sai ya narkar da ɗan zagaye a tsakiya ya yi ta bin sa ƙasa, in ya yi girma da yawa wutar ta yi tsawo ta yi hayaƙi ta fasa gefen kakin ya kwarara kan tebur. Kuma ta ja min kunne a kan wani abu da ban taɓa ji ba, wai kyandir mai tsayuwa ba a son narkewar ta kai har baki kamar na kofi, tunda ba shi da gilashin da zai tare shi, katangarsa ita ce kofinsa. Ana son ya bar siririyar katanga kamar kwatan inci zuwa rabin inci a zagaye, ita ma tana laushi tana bin wutar ƙasa a hankali.

Ta ba ni lagwani na auduga kala uku, ƙarami da matsakaici da babba, ta ce kar ki yarda da maganata ma, je ki zuba guda uku daga tukunya ɗaya, mazubi ɗaya, turare ɗaya, ki bar su su kwana biyu ko uku su yi ƙarfi sannan ki jera su ki kunna lokaci guda. Haka na yi. Na kashe fanka na rufe taga na sa agogo, awa uku cif, don ƙa'idar da ta ba ni ita ce kunnawar farko awa ɗaya ga kowane inci na faɗi. Ƙaramin ya sake haƙa rijiyarsa. Babban tun kafin awa biyu gilashin da na ɗora a kusa ya fara baƙi, kan zaren ya yi wani dunƙule baƙi, can gefe ɗaya ya ɓalle. Na tsakiyar ne ya zauna daidai, wutar a natse ba rawa, narkewar ta buɗe a hankali ta tsaya kusa da baki. Na kashe na bar su suka huce na sake kunnawa washegari da jibi, saboda ta ce wani lagwanin yana yin kyau ranar farko sai a kunnawa ta uku halinsa ya fito. Yanzu ina da ɗan littafi da nake rubuta komai, faɗi da irin kaki da yawan turare da lagwanin da ya dace, don da zarar kin canza ɗaya daga ciki sai an sake gwaji.

Batun kaki kuma, tana da farafin mai tauri na fila wanda ke narkewa wajen digiri 60 na ma'aunin Selshiyas, da mai laushi na kofi, da na waken suya, kuma ba ta haɗa miki su a matsayin abu ɗaya. Ta faɗa min kai tsaye cewa na waken suya irin na kofi kar in kuskura in yi fila da shi, bare a zafin Kaduna na watan Maris da Afrilu, zai yi laushi ya lanƙwashe tun kafin a kunna. Shi farafin ashe daga ɗanyen man fetur ake tace shi, mijina ma yake ce min matatar man Kaduna da aka buɗe a 1980 tana da sashen da aka gina don fitar da kaki da man inji da kwalta, abin ya ba ni sha'awa. Ta sayar min da wani farin gari mai suna sitiyarin da ake zubawa kamar kashi 10 cikin 100 na nauyin kakin, yana ƙara tauri, yana sa kalar ta fito, kuma kyandir ɗin ya fi saurin fita daga mazubi. Na tambaye ta da me ake yin sa don na ji ana yin wani da kitsen dabba, ta nuna min buhun an rubuta na kwakwar manja ne, hankalina ya kwanta. Kakin zuma ma tana kawowa jefi-jefi, ta ce shi ya fi farafin jinkirin narkewa da kauri don haka yana son lagwani mai girma fiye da wanda za ki sa wa farafin mai faɗi ɗaya. Shi ban gwada ba tukuna.

Wani laifin da ta kama ni da shi, kalar zanen yara da na narka a wasu don su yi ruwan hoda. Ta ce ki daina, garin kalar da ke ciki ba ya narkewa, toshe zaren yake yi wutar ta shaƙe. Tana da kalar kyandir ta ainihi, ɗan ƙanƙani ya isa.

Mazubin alminiyam da na saya wajenta ya yi min, yana da rami a gindi na zare da ɗan ƙarfen da ke riƙe lagwani a tsakiya, wannan ƙarfen kar ki raina shi, lagwani in ya karkace ko kaɗan ne gefe ɗaya zai cinye ya bar ɗayan. Ita ce kuma ta koya min cewa kaki yana tsukewa in yana hucewa ya bar kogo a ciki kusa da zare wanda ido ba ya gani, sai ki ga wuta ta faɗa ciki lokaci guda. Maganinsa in saman ya fara daskarewa ki soka tsinke wuri uku ko huɗu a zagayen lagwanin, ki bari ya huce ki sake cikawa da ragowar kakin mai zafi. Da na yanka ɗaya daga cikin tsofaffin nawa da wuƙa wallahi kogon na nan ciki kamar yadda ta faɗa.

To amma ba komai ne ya yi min daɗi ba, gaskiya sai an faɗe ta. Lagwanin nata a ƙulle suke cikin leda babu lamba babu rubutu, ita kaɗai ta san wanne ne wanne, ranar da na koma ban same ta ba yaron shagon ya miƙo min wani daban yana rantsuwa shi ne, sai da na sake biyan kuɗin keke na mayar. An canza min ba gardama, amma yanzu guntun wanda ya yi min nake ɗaurewa a jaka in je da shi a gwada. Ina ma za ta riƙa manna takarda a kowace leda. Mazubin roba mai laushi da na ɗauka guda ɗaya shi ma yana yoyo ta wajen zaren sai na toshe da danƙo. Turarukanta biyu na gwada, ɗaya ya yi, ɗayan a kwalba kawai yake ƙamshi in an kunna shiru. Ma'aunin zafi ya ƙare lokacin da na je, a wani wuri na samo. Shagon ƙarami ne ba wurin zama, ranar Asabar da rana kuwa ba za ki samu natsuwar yin tambaya ba. Farashi ba zan ce araha ba ne, kuma yana motsi kusan duk zuwa, sai dai tana auna miki rabin kilo in kina son gwaji, ba dole sai buhu ba.

Abin da nake faɗa wa masu saye yanzu duk daga bakinta na ɗauko, har na buga shi a ƙaramin kati ina sakawa a kwali. A datse lagwani ya rage kamar kwatan inci kafin kowace kunnawa. Kar a wuce awa huɗu a jere. A ajiye a faranti a wuri mai daidai nesa da fanka da taga, musamman lokacin hunturu da iska ke shigowa ta ko'ina ta kwantar da wutar gefe ɗaya, kuma a ɗan juya kyandir ɗin lokaci-lokaci tunda lagwanin auduga yana da ɗabi'ar lanƙwasawa ɓangare ɗaya. In an kashe, kafin ya huce a sa yatsu a tattaro gefen da ya yi laushi zuwa tsakiya a hankali, wannan yana sa katangar ta bi sahu kakin bai tafi a banza ba. Waɗanda suka riga suka yi rami ma na ceto guda biyar, na naɗa musu takardar foyil a sama na bar ƙofa a tsakiya na kunna kamar awa ɗaya ina zaune a wurin, zafin ya taru ya narkar da gefen ya daidaita. Masu zurfi sosai dai sai narkarwa na sake yi. Kuma don Allah masu yara a gida, kaki a cikin gwangwani ake narka shi a tsoma cikin tukunyar ruwan zafi, ba kai tsaye kan gas ba, in ya kama wuta a rufe da murfi, kar a watsa ruwa.

In za a ba da tauraro ni huɗu cikin biyar zan ba ta, ɗayan na riƙe shi sai ranar da ta sa wa lagwaninta lamba. In za ki je ki je da safe tsakiyar mako, ki tabbatar ita ce a shagon ba yaron ba, ki riƙe mazubinki ko awon faɗinsa, in kina da kyandir ɗin da ya lalace ki tafi da shi ta gani. Ni ma sati mai zuwa in sha Allah zan koma, an ba ni aikin masu faɗin inci 4 na wata walima a Unguwar Rimi kuma na san lagwanin inci 3 ba zai ɗauke su ba.