Sifirit ɗin IPA mai kashi 99: gwani wajen cire akirilik, rago a kan fentin mai

Wanda ya feshe ƙaramin samfurin tankar yaƙi na roba mai sikeli 1/35 (wato tsawonsa kashi ɗaya cikin 35 na ainihin tankar) ko na jirgin sama mai 1/72, fentin ya fito da gurji ko ya toshe zanen jikin, ba sai ya jefar ba. A cikin magungunan cire fenti, sifirit ɗin isopropyl da ake rubuta wa IPA shi ne ya fi cancantar a fara gwadawa, domin ba ya narkar da robar folistarin da kamfanonin Tamiya, Revell da Airfix suke yin kayansu da ita. A duba jikin kwalbar da kyau: mai kashi 99 ake so. Mai kashi 70 ruwa ya yi masa yawa, sai dai ya jiƙa fentin ya bar shi yana danƙo.

A samu mazubi mai murfi, a zuba har ya sha kan kayan, a rufe ruf don yana saurin tashi. Fentin akirilik na Tamiya, masu lambar X da XF, cikin minti 10 zuwa 20 sun narke, ruwan ya rine. Na kamfanin Vallejo ba haka yake ba, kumbura yake yi ya saɓule kamar fata, kuma yakan so awa ɗaya ko biyu. Tsohon fenti mai hawa uku da banish a kai, a bar shi ya kwana.

Wurin da aka fi kuskure shi ne gogewa. Idan aka tsamo kayan aka bari iska ta bushe shi, narkakken fentin sai ya sake kamawa, ya shige ramukan kusoshi da siraran layuka, ya fi da wuyar fita. Don haka a goge shi yana cikin ruwan da tsohon buroshin haƙori mai laushi, lungunan a bi su da tsinken sakace. Daga nan a sake tsoma shi a sabon sifirit, a wanke da sabulu da ruwa mai ɗumi, a ba shi awa 24 kafin sabon fenti. Ruwan zafi yana lanƙwasa fikafikai.

Raunin sifirit ɗin a fili yake. Fentin mai irin na kamfanin Humbrol idan ya bushe sosai, da ƙyar yake motsa shi. Nan maganin wanke tanda mai soda ya fi shi, shi ne kuma ke cire ƙyallin azurfa na bambar samfurin mota, sai dai soda tana cin alminiyam da fatar hannu. Fentin shimfiɗa irin Mr. Surfacer yakan yi laushi amma ya bar dusu-dusun launi. In dai wurin ya yi sumul, ba laifi a fesa a kai. Kada gaggawa ta sa a koma wa asiton ko tinar fentin mota, nan take suke cinye robar. Man birki kuwa yana cire fenti, amma yakan bar roba tana karyewa.

Gilashin roba na ɗakin matuƙin jirgi kada a jiƙa shi, yana iya yin hazo ko tsagewa. Sassan robar ABS irin na gaɓoɓin mutum-mutumin Gundam a warware su tukuna, domin inda suka matse nan suke fashewa. Kayan da aka zuba da rezin (wata irin roba) ma doguwar jiƙa tana sa su laushi. Haɗin da aka yi da gam mai narkar da roba ba ya sakewa, amma sitika da abin cike rami mai ruwa za su tafi, sai an sake.

Sifirit ɗin yana kama wuta tun daga zafin digiri 12 na Celsius, saboda haka a nesanta shi da wuta, a buɗe taga, a sa safar hannu. Wanda aka yi aiki da shi kuma ba a zubarwa: a bar gurɓin ya kwanta, a tace da takardar tace kofi, zai sake yin jiƙon farko.