Sharhi Kan Aikin Injiniyan Da Ya Duba Injinan Casa Da Muke Ƙerawa A Kura

Shagonmu na walda yana Kura, kuma abin da muka fi ƙerawa shi ne injin casar shinkafa da injin niƙa, waɗanda manoman Kadawa da Bunkure da Garun Malam suke saye. Da wata ƙungiyar manoma ta ce sai mun nuna shaidar cewa injinanmu ba za su raunata mai aiki da su ba kafin ta ba mu kwangila, sai muka ɗauki wani injiniya mai zaman kansa daga Kano domin ya ɗora mu a kan hanya.

Abin da ya fi gamsar da ni shi ne bai fara da takardu ba. Ya sa muka tayar da injin casa, ya tsaya yana kallon yadda ake zuba dami, da yadda ake zare karan da ya maƙale, da yadda ake sauya bel, yana rubuta duk inda hannu ko tufa za su iya haɗuwa da ƙarfe mai juyawa. Ya bi tsarin ƙa'idar ISO 12100 ta shekarar 2010, ƙa'idar tsaron injina ta ƙungiyar tsara ƙa'idojin inganci ta duniya (ISO), wadda ta ce a fara kawar da haɗarin tun daga ƙirar injin, idan hakan ya gagara a sa murfin kariya, sai abin da ya rage a gargaɗi mai aiki a rubuce. A sana'armu an fi saɓa wa wannan jeri, domin rubuta "hattara" da fenti ya fi sake ƙira arha, alhali gajiyayyen lebura a ƙarshen yinin kaka ba ya karanta komai.

Bakin da ake zuba shinkafa shi ne inda ya fi daɗewa a kai, kuma ya cancanci hakan, domin nan ne ake rasa yatsu. Ya nuna mana cewa a ƙa'idar ISO 13857, idan kafa ta kai girman da hannu zai shige har kafaɗa, wajibi ne tazarar da ke tsakaninta da abin da ke juyawa ta kai milimita 850. Muka tsawaita bakin, muka rufe samansa. Ya kuma sa muka kawar da kawunan noti da suka fito a jikin sandar da ke juyawa, saboda su ne ke cafke hannun riga ko gefen mayafi, kuma duk wanda ya san yawan matan da ke tsayawa kusa da injin niƙa ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Bayanin da ya yi kan hukumomi gajere ne amma ya wadatar. Hukumar SON ce ke kula da ingancin kaya a Najeriya, shirinta na MANCAP ya shafi abin da aka ƙera a gida, SONCAP kuma na kayan da aka shigo da su ne. Cibiyar bunƙasa noma da injina ta ƙasa, wato NCAM, da ke Ilorin tana gwada injinan noma. Ya ja kunnenmu kada mu manna tambarin CE don ado, tunda alama ce ta cika dokokin Tarayyar Turai. Ya haɗa mana fayil mai ɗauke da zanen inji, da rahoton haɗurra, da littafin mai aiki, ya kuma sa kowane inji ya samu faranti mai sunan shago da lambarsa.

Inda aikinsa ya gaza shi ne rashin sanin gona. Ya rubuta a sa jan maɓallin tsayar da inji na gaggawa a kan rawayan fenti, kamar yadda ISO 13850 ta tanada, amma ya tsara shi don inji mai lantarki, alhali yawancin masu sayen kayanmu da injin dizal suke juya shi a tsakiyar fadama. Sai da muka zauna tare muka ƙera mariƙin da ake ja ya yanke wa inji mai, muka kuma rubuta cewa gangar casa tana ci gaba da juyawa bayan an kashe inji, don haka a jira ta tsaya cak. Murfin bel ɗin da ya zana yana da noti da yawa, kuma na san mai inji zai kwance shi sau ɗaya ya jingine shi a gindin bishiya, shi ya sa muka sauya ƙirar yadda za a ɗaure bel a kuma sa giris daga waje. Rubutun gargaɗin ma da Turanci ya kawo shi, mu muka mayar da shi Hausa da boko da ajami tare da hotuna. Batun ƙara kuwa, ya auna ya ce ta haura desibel 85 a ma'aunin ƙarfin ƙara, wanda ake ɗauka a matsayin iyaka ga aikin awa 8, amma bai ba da shawarar da ta wuce toshe kunne ba, kuma wannan ya saɓa wa jerin da shi kansa ya koya mana.

Kuɗin aikinsa yana da nauyi ga ƙaramin shago, ƙarin ƙarfen ma ya ɗaga farashin kowane inji. Duk da haka ina ba maƙeri mai ƙaramin ƙarfi shawarar ya fara biyan kuɗin binciken haɗurra kaɗai, ya bar haɗa fayil sai ya tashi neman takardar shaida. Kafin ya biya, ya tambayi injiniyan ko ya taɓa aiki a kan inji mai dizal, kuma ranar binciken ya gayyato mutumin da ya yi kaka yana casa da injin, domin shi ya san inda ake cusa hannu idan kara ya maƙale.