Dusk at Cubist Castle: farkonsa zuma, tsakiyarsa sai mai haƙuri

Duk mai son kiɗan turawa irin na shekarun 1960, wanda muryoyi ke hawa kan juna ana amshi kamar na Beach Boys da Beatles, to ya nemi albam ɗin ƙungiyar mawaƙa Olivia Tremor Control mai suna Dusk at Cubist Castle, ya fito a 1996 ƙarƙashin wani ɗan ƙaramin kamfani Flydaddy, ba wani babban kamfani a bayansu ba kuɗin talla ba komai. Will Cullen Hart da Bill Doss ne jagororin, 'yan garin Ruston ne a jihar Luwiziyana ta Amurka daga baya suka koma Athens ta Jojiya, suna cikin wannan gungun abokai da ake kira Elephant 6. Yawancin waƙoƙin a gida suka fara ɗaukarsu da 'yar rikoda ta kaset mai layi huɗu, sannan aka ƙarasa aikin a situdiyon abokinsu Robert Schneider a Denver.

Waƙoƙi 27 ne, ya haura minti 70, to anan fa maganar take.

Masu sharhi sun yabe shi sosai kam, har mujallar kiɗa ta intanet Pitchfork ta saka shi cikin albam 100 mafi kyau na shekarun 1990, amma abinda ke ban haushi kusan duk wanda ya yi rubutu akai sai ya fara da Beatles ya ƙare da Beatles kamar dai yaran nan kwafi kawai suka zauna suka yi. Eh ana jin ƙamshin Beatles ɗin ba musu, amma wallahi ka saurari Jumping Fences da kyau, bata kai minti biyu ba ma, yadda muryoyin ke shiga da fita da yadda jita ke ɗan ƙara da tsatsa saboda kaset ɗin, wannan sautin nasu ne, kuma shi ya sa waƙar ke maƙalewa a kai har washegari kana ta rera ta baka sani ba. Define a Transparent Dream ma haka. Waƙoƙi goma sha ɗayan farko gaskiya ba na yarwa.

Sai kuma a shiga Green Typewriters, waƙoƙi goma a jere duk suna ɗaya, wasu 'yan daƙiƙoƙi ne wata kuma kusan minti goma ba waƙa ba kiɗa sai ƙarar abubuwa da gunji can ƙasa-ƙasa. Anan masu sharhi suka rabu, wasu suka ce nan ne basirar take, wasu suka ce tsawaita abu ne kawai. Ni dai ina ganin doguwar nan ta yi yawa, da an rage rabinta ba abinda zai ragu, amma wanda yace a cire sashen gaba ɗaya bai gane tsarin ba, domin cikakken sunan albam ɗin ma yana nuna kiɗa ne na wani fim da ba'a taɓa yi ba, kuma bayan ka sha wannan shirun idan jita ta dawo da ƙarfi sai kaji kamar an kawo wuta bayan dogon duhu.

Abin takaici albam ɗin In the Aeroplane Over the Sea na ƙungiyar Neutral Milk Hotel da ya fito a 1998 ya danne shi a bakin mutane, alhali jagoranta Jeff Mangum ma da su Hart da Doss ya fara tun suna yara a Ruston. Doss ya rasu a 2012, Hart kuma a 2024.

Kar ka saurara da sifikar waya don Allah, rabin aikin yana ɓoye ne tsakanin kunnen hagu da na dama, sa abin kunne. In baka da lokaci ka tsallake doguwar Green Typewriters ɗin ka wuce zuwa NYC-25, waƙar ƙarshe.