Mai shan kirak: a kwantar da shi a cibiyar yaye masu shaye-shaye ko ya riƙa zuwa daga gida?

Iyaye da 'yan uwa sun sha yi mini wannan tambaya, galibi bayan sun ga alamu: rama, rashin barci, ƙuna a leɓe da yatsu, zargin kowa, da kuɗin da ke ɓacewa. Kirak hodar iblis ce da aka mayar dunƙule ana zuƙar hayaƙinta. Mayenta ba ya wuce minti 5 zuwa 15, shi ya sa mutum ke ta maimaitawa.

Har yanzu babu wani magani da aka amince da shi na yaye wannan jaraba. Duk hanyoyin biyu, nasiha ce ta ƙwararru da koyon kauce wa abin da ke tayar da kwaɗayi.

Kwantarwa ta fi tsada, kuma aiki ko karatu zai tsaya. Amma tana raba shi da dillali da abokan sha a makonnin farko, lokacin da baƙin ciki mai tsanani kan kai wasu ga tunanin kashe kansu. Rauninta a ganina shi ne ranar sallama: in ba a ci gaba da bibiya ba, ana yawan komawa ruwa.

Zuwa daga gida ya fi sauƙi ga aljihu, kuma yana gwada abin da ya koya nan take. Tsarin ba da lada idan gwajin fitsari ya fito tas yana aiki sosai a nan. Sai dai jarabar tana bakin ƙofa.

Wanda ya yi nisa, ko yake da taɓin hankali, ko ana sha a gidansu, kwantarwa ta fi masa. Mai aikin yi da ke da iyali masu sa ido, ya fara daga gida.